Haƙarƙarin da Na Gasa da Itacen Dogon Yaro

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Jidda ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni ita. Shekarata ta uku ke nan ina tuƙa wani Balarabe a unguwar Ruwais, Abu Faisal, wanda shi ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, iƙamata, takardar izinin zama, a hannunsa take. Mutumin kirki ne, injiniya, ya taɓa zaman aiki a Amurka. Da ragowar kayansa suka iso ta jirgin ruwa, har da wani abu da muka sauke mu huɗu muna nishi.

Kamar ganga ce aka kwantar a kan ƙafafu, baƙa wuluk, da murfi a bayanta. A gefen dama akwai ɗan akwatin ƙarfe a ƙasa-ƙasa, a hagu kuma bututun hayaƙi ya miƙe sama. A jikin murfin an kafa wani agogo mai allura ɗaya, na auna zafi. Abu Faisal ya ce a ɗan akwatin ake hura wuta, nama kuma yana can cikin gangar nesa da ita, zafi da hayaƙi ne ke ratsawa su dafa shi a hankali, awa biyar ko shida. Ya ce shi dai ci kawai ya iya, maƙwabcinsa na can ne ke gasawa.

Sai ya juyo ya dube ni. "Kai ba Bahaushe ba ne? Ku ne masu sire. Ka iya wannan?"

(Sire shi ne tsire a bakin mutanen Hijaz. A ganinsu kowane Bahaushe da tsinken nama a hannu aka haife shi.)

Gaskiyar magana, babana tela ne a Maraɗi, kakana ma tela ne. Abin da ya haɗa ni da tsire bai wuce in saya a naɗe mini a takarda ba. Amma shekara uku a gidan nan ba abin da ake ce mini sai "ina makulli?" da "yalla, mu je". Ranar ce ta farko da aka dube ni kamar wanda ya san wani abu. Sai na ji bakina ya ce, "Wannan ai wasa ne, ya ammi. A cikinsa muka tashi." (Ya ammi, wato baffa, haka nake kiransa.)

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Juma'a ina da baƙi. Haƙarƙarin rago biyu."

Akwai wata dattijuwa mai dafa abinci a gidan, Hajiya Falmata, mutuniyar bakin tafkin Cadi. Aikin Hajji ya kawo ta tun da daɗewa, ta zauna. Hausarta ras, kuma ba ta da yawan magana. Da safiyar Juma'ar ta fito zubar da shara ta tarar da ni a tsakar gida na cika akwatin da itacen samur, busasshen icce mai ƙarfi da ake saya a can, ina ƙoƙarin tuttula masa kalanzir.

"Ɗana, bari kalanzir ɗin nan," ta ce. "Zai kama naman. Ka fara da gawayi, in ya yi ja sai ka ɗora icce ɗaya."

"Inna, wannan na'urar Amurka ce," na ce mata, "ba murhu ba ce."

Ta dube ni, ta dubi gangar, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta koma kicin.

Maigida ya riga ya nuna mini inda allurar za ta tsaya, kusa da ɗari biyu da hamsin. Na shafa wa haƙarƙarin yajin ƙuli da na sayo a unguwar Sharafiyya, na jera, na rufe. Minti goma allura ta haura ɗari huɗu. Na buɗe murfi ina fifita da kwali, ta faɗo ƙasa. Na ƙara icce uku, ta sake tashi. Haka muka yi ta fama da ita kamar masu jan guga. Kowane minti biyar sai na ɗaga murfi in leƙa, ban san duk ɗagawa zafin da na tara nake zubarwa ba. Ga ranar Jidda, ga danshin teku, rigata ta manne a bayana kamar fata ta biyu.

Kafin sha ɗaya na cinye itacen da ya kamata ya kai ni azahar. A nan ne basirata ta motsa. A bayan gareji akwai tarin rassan dogon yaro da mai lambu ya sassare jiya, ɗanye shar. Na ce icce ai icce ne. Ni da aka ɗura wa ruwan ganyen dogon yaro ina ƙarami saboda zazzaɓi, ni da na san ɗacinsa har cikin ƙashina, ni ne na kwaso shi da hannuna na cusa a wuta.

Hayaƙi ya turnuƙe, fari fat, mai kauri kamar auduga. Na ji daɗi. Sai na ɗaga kai na ga yana ta fita ta bututu. Na ce ikon Allah, hayaƙin da muke nema shi ne ke gudu sama a banza? Na rufe bakin bututun. Na rufe 'yar ƙofar iska ta akwatin wuta. Na yi wanka na tafi masallaci, zuciyata fes.

Da aka sauko, baƙi suka cika falo, sun kai goma sha biyu, kowa cikin farar riga. Na buɗe gangar. Haƙarƙarin ya yi baƙi yana ƙyalli, kamar an shafa masa kwalta. Wani ɗan wari ya bugi hancina, amma na ce wa raina ƙila haka na Amurka yake. (Ban ɗanɗana ba. Har yau in aka tambaye ni dalili, sai in ce ina jin na riga na sani ne, ban so in tabbatar.)

Na shiga da faranti. Abu Faisal ya miƙe ya dafa kafaɗata. "Ga mu'allim ɗinmu," ya ce. "Gadon gidansu ne. Tun kakanni." Aka yi ta masha Allah. Ya yanko mafi kyau ya miƙa wa surukinsa, wani tsoho mai farin gemu da ke zaune a tsakiya.

Tsohon ya yi bismilla ya gatsa. Ya tauna sau ɗaya. Ya tsaya. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ga maƙogwaronsa yana kokawa da abin da ladabi ya hana shi tofarwa. Ya haɗiye da ƙyar, ya ce a hankali, "Moya." Wato ruwa. Na kusa da shi ya ja nasa ƙashin, sai ga ciki jajir, bai ma dahu ba.

Abu Faisal ya ɗanɗana, fuskarsa ta canza. Amma ya so ya ba ni mafita, ya ba kansa. Ya ce, "Ƙila haka kuke yin sa a ƙasarku?"

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka na ce, "Na'am, ya ammi. Haka muke son sa. Da ɗan ɗaci."

Sai wani daga can ƙarshen shimfiɗa, likita ne, baƙi kamata, wanda tun shigowarsa Larabci kawai yake yi, ya ajiye ƙashinsa ya ce da wata Hausa mai nauyi, "Ya akhi, ji tsoron Allah. Kakata 'yar Kano ce. Wallahi ma fi, babu Bahaushen da yake cin wannan." Ya juya ya fassara wa sauran.

Dariyar da aka yi ba ta mugunta ba ce, shi ya sa ta fi zafi. Na tsaya da faranti a hannu, na ɓata nama, na kunyata maigida gaban surukinsa, sannan na ɗora laifin a kan Hausawan duniya baki ɗaya. Abin da ke yawo a kaina shi ne iƙamata da ta kusa ƙarewa.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofar ciki. Manyan farantai biyu ne na shinkafa da kaza, suna turiri, waɗanda za su ishi mutum ashirin. Ba wanda ya sa Hajiya Falmata dafa shi. Tun lokacin da ta ga kalar hayaƙin ta taga ta ɗora tukunya.

Da yamma na same ta tana wanke-wanke. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini."

"Me ka yi mini? Naman ka yi wa." Ta ɗauraye hannu. "Abin nan da kake cewa na Amurka, banda ce. Shekara nawa na yi ina bandar kifi a bakin tafki kafin a haife ka. Wuta 'yar kaɗan, busasshen icce, ka bar mata hanyar numfashi. Hayaƙin da kake gani da yawa ba na kirki ba ne. Na kirkin siriri ne, da ƙyar ido ke kama shi."

Washegari a mota na gaya wa Abu Faisal gaskiya, idona a kan titi. Muka wuce danja biyu. Sannan ya ce ragon bai dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne ya tsaya gaban mutane ya yi shaida a kan abin da ba haka ba. Wannan maganar ta fi dariyar jiya shiga jikina. Bai kore ni ba. Ya ce tunda na ce na iya, sai na iya.

Juma'a huɗu na yi a tsakar gidan, Hajiya Falmata na zaune a inuwa kan kujerar roba. Ko kallon agogon ba ta yi. Tafin hannu take ɗorawa kusa da murfi ta ce, "Icce ɗaya." In na kai hannu zan leƙa sai ta ce, "Bar shi, ba guduwa zai yi ba." A ta huɗun na ja ƙashi ya zare sumul, naman ya yi ja-ja a gefe, taushi kamar tsokar dabino. Ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Abin da na koya kuwa, ban da sarrafa wuta: duk tsawon "ban iya ba", ba ta kai daƙiƙa biyu a baki. Ni na guje mata, na biya da awa biyar cikin zafin rana, da rago biyu, da mutuncin kabila guda.