Yadda Ake Nemo Mai Borin Kafin Yaya Ya Dawo

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari cikin kwana uku za ka sami wanda zai yi wa bulok ɗin injinka borin. Na ce injinka ne don in rufa maka asiri. Ni da kai mun san motar ta Yaya ce, jar nan mai ƙofa biyu da ya bar maka da zai tafi aikin wata shida, ya ce ka riƙa tayar da ita duk Asabar tana ɗumi a tsaye. Kai kuma ka ga tsayuwa ba ta dace da motar tsere ba. Allurar zafi ta hau ja, ka ɗauka ado ne. Yanzu bakanike ya sauke inji, ya ce ramukan silinda sun karce, sai an rarake su an ɗan faɗaɗa, wato borin. Saura kwana goma Yaya ya sauka.

1. Kada ka kira Yaya

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Idan shi ya kira ya ce, "Ya mutuniyar tawa?" ka ce, "Tana hutawa, Yaya." Ba ƙarya ka yi ba, tun da aka ƙera ta ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba. Idan matarsa ta tambayi abin da ya sa rumfar mota ta zama wayam, ce mata wanki aka kai ta. Wankin babbar mota yakan ɗauki sati.

2. Tambayi kowa, ban da wanda ya sani

Fara da mai faci, ka gangara wurin mai aski. Mai aski zai ce ƙanin matarsa ya taɓa yi wa injin niƙa borin, kuma har yau yana niƙa. Karɓi lambarsa. Inji ai inji ne, bambancin kawai fenti.

3. Leƙa wurin tsohon, don a ce ka je

Duk wanda ka tambaya sai ya ambaci wani tsoho mai tabarau a ƙarshen layin masu walda. Shagonsa a share yake tas, ma'aunai a jere kan farin tsumma kamar kayan likita. Zai goge rami, ya auna sama, ya auna tsakiya, ya auna ƙasa, ya rubuta da alli a jikin bulok. Ramuka shida ne, kowanne sau uku. Ka riƙa duba agogo yadda zai gani.

"Ina fistin?" zai ce, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin ramin.

"Baba, a yi borin tukuna, daga baya na nemo."

"Ɗana, ba a yanka rami sai fistin yana hannu. Shi ake aunawa a yanka daidai da shi. Kwatan milimita kaɗai wannan yake so. Na irin motar nan kuwa babu a kasuwa, sai an yi oda. Wai motar waye?"

Tambayar ƙarshen nan shisshigi ce. Kinkimi kayanka ka fita.

4. Nemi wanda ba ya tambaya

Ana gane ƙwararre da cewa "an gama" tun kafin ka buɗe but. Za ka same shi a bayan layi, ana ce masa Nan-Take. Shi ma yana da ma'auni, da shi yake tokare ƙofa. Zai zura yatsa cikin rami, ya lumshe ido, ya ce, "Yallaɓai, bari mu ci shi da yawa, mota ta ƙara ƙarfi."

Ka ji ko? Ƙarin ƙarfi, kyauta. Yaya ma sai ya gode maka. Idan ka ga hannunsa ɗaya yana kan inji, ɗaya riƙe da waya yana rigima da surukarsa, kada ka katse shi. Masu baiwa haka suke aiki.

5. Yanzu nemi fistin

Ware kwana huɗu a kasuwar kayan gyara. Mai shago zai ɗauko mafi girman fistin da yake da shi, na wata mota daban, ya saka a ramin farko. Zai zarce ta ƙasa ya faɗi ƙwal. Ramuka shida, faɗi shida, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Haska fitila a na huɗu, za ka ga wata 'yar taga ta ɓulle zuwa hanyar ruwan da ke sanyaya inji. Nan-Take zai ce haka kamfani ya yi shi.

6. Tarbi Yaya da fara'a

Zai shigo da wata jaka mai nauyi da ya hana kowa ɗauka. Bayan gaisuwa zai zauna a falo, ya zaro kwali a naɗe cikin rigunansa.

"Auta, zo ka gani. Tun kafin in tafi na san injin nan ya gaji, shi ya sa na ce kada a hau ta. Wata huɗu ina jiran waɗannan."

Fistin shida ne, sababbi fil, kowanne da ƙarin kwatan milimita.

"Gobe ni da kai za mu sauke inji, mu kai a ɗan share ramukan. So nake ka san motar nan ciki da waje, don kai kaɗai na yarda wa da ita."

Ɗauki fistin ɗaya, ka yaba ƙyallinsa. Ba zan ɓoye maka ba, wurin nan yana da ciwo, kuma da zaginka ya yi da ya fi sauƙi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a abin da zai biyo baya. Mai borin na yi maka alkawari, kuma ka samu. Abin da za ka ce idan Yaya ya miƙe ya ce, "Tashi mu je in gan ta," ba ya cikin darasin nan, don ni ma ban san amsar ba. Da nawa Yayan ya faɗi haka, kallon fistin na ci gaba da yi. Shekara uku ke nan. Har yau yana amsa gaisuwata da fara'a, amma ko keken 'yarsa bai sake ba ni ajiya ba.