Kwale-kwalen da na hana shan ruwa

Ni fa ba na yarda da mutane, shi ya ja mini. Ran da na sayi ƙaramin kwale-kwale, har da sanda da ƙyallen da iska ke turawa, mai sayarwa ya ce, "Alhaji, bar shi cikin tafki tukuna, katakon ya sha ruwa ya kumbura." Na ce a raina, wato ka zagayo ka sace abinka ko? Na loda shi a motar kamiyo sai Gure, na kife shi a tsakar gida, rana tana ta gasa shi.

Matata Falmata ta leƙa ta ce, "Maigida, ina hango ƙasa ta tsakanin katakon nan fa." Ita ma na zarge ta, na ce tsoro ne, so take a fasa shiga ruwan.

Ran Lahadi muka kai shi wani tafki wajen Gidigir, danginta sun cika gaɓa. Ni da Falmata muka hau, iska ta ɗauke mu, ina ɗaga musu hannu kamar gwamna. Sai na ji sanyi a ƙafa. Ruwa ta ko'ina! Ba wanda ya iya iyo a cikinmu. Na rungume sandar ina salati, ina ihu: "Falmata ki yafe mini, ni na fasa telefon ɗinki, ba yara ba!"

Ta harare ni, ta tattare zaninta, ta sauka. Ruwan iya gwiwa.

Har yau, ko buta na ɗauka zan yi alwala, yayanta sai ya ce, "Kafiten, a hankali, akwai zurfi."