Yadda Za Ka Tsare Bijiminka Daga Allurar Rigakafi

Kai mai bijimi abin tunƙaho, matso kusa. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci allura ba za ta taɓa fatarsa ba. Kawuna, wanda ake kira Na-Sani, da su ya tsare bijiminsa Gwarzo.

1. Samo hujja

Ka ce allura tana kashe wa bijimi ƙarfin barbara. Wa ya faɗa? Wani direba. Ya wadatar, ai direbobi sun ga duniya.

2. Miƙa tarkacen

Ranar da malamin dabbobi ya zo, kora masa tsofaffin shanu da 'yan maruƙa. Riƙe masa igiya da kanka, kana sa masa albarka.

3. Ɓoye na gaban goshin

Ɗakin matarka ya fi. Kawu ya jingine gado da bango, ya karkata ƙahonin Gwarzo har suka shige ƙofa. Kafin azahar bijimin ya cinye labule, ya yi kashi a kan tabarma.

"Malam, ni kuma ina zan zauna?" in ji Gwaggo, matar Kawu.

"Sassauta murya, kina firgita shi."

4. Yi shaida da kanka

Duk dabbar da aka yi wa allura ana ɗan tsaga mata kunne. To, kai ba ka da reza ne?

5. In tari ya fara

Ciwon huhu zai shigo unguwa. Shanun da ka raina suna ta kiwonsu, Gwarzo kuwa yana tsaye, wuya a miƙe, yana nishi. Ce kambun baka ne, ka yi masa hayaƙi. In abu ya ci tura kira malamin. Zai duba kunnen ya ce, "Ikon Allah, wannan ai an yi masa." Kai dai kalli ƙasa.

6. Kada asarar ta tafi a banza

Ranar da Gwarzo ya mutu, Kawu ya yi kuka na gaske, don wallahi yana son dabbar nan. Sannan ya share hawaye, ya yanke kunnen, ya zaga da shi majalisa. "Ga shi nan, an yi masa, ya mutu." Nan take maƙwabta suka rantse baɗi ba mai taɓa nasu.

Gargaɗi

Marubucin nan ko akuya ba shi da ita, don haka wanda garkensa ya ƙare baɗi kada ya doso ni. Ya nemi Kawu. Zai same shi da sassafe a layin allura, riƙe da sabon maraƙinsa, ya rufe fuska da rawani.