Farar Rigar Haladu Gwamna

"Ni fa a jami'ar nan, ko akuyar bakin get ta san sunana!"

Haladu ke nan, wanda ya raɗa wa kansa suna Gwamna. In ka ji yana cika baki, abokina, sai ka rantse shi ya aza harsashin makarantar. Alhali shekara huɗu ya yi yana ɗumama bencin mai shayi a Jimeta, aji kuwa sai ranar jarrabawa, can layin baya. In an tambaye shi ya ce yanayin tsaro ne, shi ba ya son shiga taro.

To akwai Yusrah 'yar Namtari, wadda yake so kamar ransa. Da ta gaji da kurinsa sai ta ce, "Ranar gama jarrabawa ai 'yan aji kan yi wa juna rubutu a farar riga. In taka ta cika, na yarda kai mai jama'a ne, sai ka je ka gai da Baba."

"In ta cika? Ki dai ce in ta isa!"

Saura mako guda, gogan ya tashi rama shekara huɗu a lokaci ɗaya. Ya shiga ƙwallon 'yan aji, nan da nan ya zura ɗaya ya ruga yana ihu, ashe ragarsu ce. Ya bi su shan iska bakin kogin Binuwai, ya ce shi da ruwa tun yana goye, sai da masunta suka tsamo shi kamar tarwaɗa. Duk da haka ya sa tela ya ɗinka masa farar riga har gwiwa.

Abokin ɗakinsa Othniel ya dube shi ya ce, "Hamma Haladu, rigan nan ya yi girma fa. Kai ne za ka sa, ko rumfan biki ne?"

"Yaro man kaza! Jama'ata fa nake yi wa fili."

Ranar ta zo. Kowa na rungumar kowa, maka, wato alƙalamin rubutu a riga, na yawo hannu zuwa hannu, Gwamna na tsaye kamar allon talla, ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya hango Yusrah tafe. Can sai ya ji ana rubutu a bayansa. Wani ya gama, wani ya karɓa, ana ta ƙyaƙyata dariya. Ya ƙame, ya bubbuɗa kafaɗa don kowa ya samu wuri.

Yusrah na isowa ya juya mata baya yana hura hanci. "Karanta da ƙarfi, kowa ya ji!"

Ta kuwa karanta. "Na sama ya ce, 'Wai wane ne wannan?' Na ƙasa ya ce, 'Wanda ya ci mu gida.' Wani ya ce, 'A'a, wanda aka tsamo a kogi ne.' Wata kuma ta ce, 'Ɗan ajinmu ne ko baƙo?'"

Gwamna ya waiwayo. "To... ta dai cika ko?"

"Saura ɗan wuri kaɗan. Othniel, ba ni maka."

Ya ji tana rubutu a hankali, sanyi ya ratsa zuciyarsa. Da ta wuce ya ce, "Othniel, me gimbiyar ta rubuta?"

"Hamma, ta ce, 'Ni ma ban san shi ba.'"