Layin Alli a Jikin Ƙofa

"...lafiya lau, maigidan. Sunkuyo dai, kar ka fasa mini ƙwan lantarki, jiya aka sa shi."

Dogo ya sunkuya ya shiga ɗakin ɗinkin kakarsa, rigar wasansa a kafaɗa. Tun yana tatata take auna shi a jikin katakon ƙofar nan, tana jan layi da allin ɗinki. Layukan suka yi ta hawa har ta koma taka kujera, daga baya kujerar ma ta gaza. Shi ne ɗan tsakiya a ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando, wanda ake girkewa a gindin kwando saboda ya fi kowa tsawo. To gobe masu zaɓen 'yan wasa za su zo kallo, kuma ƙungiyar da za su kara da ita tana da ƙarti huɗu, kowanne ya kai shi tsawo. Tsoro yake ji sosai, bai kuwa gaya wa kowa ba.

"Amarya, riga ta yage a hammata. Ki ɗinke, in idon bai tafi hutu ba."

"Wannan riga ce ko labulen shago? Miji sai tsawo kamar falwaya, ko zare bai taɓa sayo mini ba."

"Ai ni ne mai haƙuri. Matar da in ta zauna bayan keken ɗinki sai an yi cigiyarta."

"Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Ungo, zura mini zaren nan."

Kullum bugu ɗaya yake zura mata. Yau sau uku zaren yana kaucewa. Tsohuwa ta sauke tabarau ta dube shi.

"Wa ya taɓa mini miji?"

"Kaka," ya ce, ya ma manta da zancen amarya, "koci ya ce in na bari suka kwashe ƙwallon da ke dawowa daga allon kwando, benci zan koma a gaban baƙi. Ni tsawon nan kaɗai na iya. Su ma suna da shi."

Zuciyarta ta karye masa, amma ba ta bari ya gani ba. Sai ta tafa hannu.

"Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta! Ashe rijiya ta ga teku. Ni nan da kake gani, shekara talatin ina kokawar shiga motar kasuwa da ƙunshin yadi a ka, cikin ƙarti irinka, mota ba ta taɓa barina a tasha ba."

"Ta ƙarƙashin ƙafafunsu kike bi."

"Gidanku! Tashi tsaye."

Ta ɗauki wani dunƙulen ƙyallaye, ta ce wanda ya cafe shi ne mai gidan, ta wurga shi jikin bango can sama. Dogo ya ɗaga kai yana jira. Kafin ya ankara ta sha gabansa, ta ba shi baya, ta lanƙwasa gwiwa, ta buɗe hannuwa, ta tura shi taku guda da ƙugunta. Dunƙulen ya faɗo a gabanta, ta rungume abinta.

"Zalunci! In na miƙa hannu ta saman bayanki, alƙali usur zai busa mini."

"To ka gani. Ku dogaye sama kuke kallo kamar masu jiran ruwa. In mota ta taho, ba motar ake kallo ba, ƙaton da ke kusa da kai ake kallo. Ka riga shi wurin, ka ba shi baya, ka sauka ƙasa. Wanda ya fi sauka shi ke da ƙofa. Kuma ƙato ba ya son gudu, ka yi ta jansa sama da ƙasa har harshensa ya fito."

"Koci ya faɗa mini haka ya fi sau ɗari."

"Kocin naka ya taɓa ture ka?"

"Bai taɓa ba."

"To ni na ture ka, da ciwon gwiwa ma. Koma jikin ƙofa."

"Amarya, kujerar ma ta gaza ki, shekara shida ke nan."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Tsaya yadda na nuna maka."

Ya jingina, ya buɗe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa, ya yi ta sauka har ta ce ya isa. Ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar kansa, ta ja layi da alli, can ƙasa da na shekarun baya. Ta gama jan layin, amma ba ta ɗauke hannun ba. Shi ma bai miƙe ba, ko da cinyoyinsa suka fara zafi.

"Ga tsawonka na gobe," ta ce a hankali. "Ko benci suka kai ka, ni dai ba na canja miji."

Dogo ya yi dariya, idonsa ya ciko.

"Na sallama, ke ce mai gidan."

"Dama can. Zarena fa?"

Ya ɗauki allurar, ya zura mata bugu ɗaya.