Ranar Da Kofina Ya Tashi Sama

Jama'a, jiya kofina ya tashi sama. Ni da na noma shi ban taɓa shiga jirgi ba, amma shi ya riga ni.

Kun san shekara da shekaru muna roƙon ɗan siyasarmu, Mai Girma Uban Ayyuka, ya yi mana rumfar shanya, don ruwan sama ya daina ruɓar mana da kofi. Duk zaɓe sai ya hawo tsaunin nan, ya ci mana wake da wainar masararmu ta tortiya, ya rantse. To, bana ya cika alkawari har ya zarce: ya sayo mana jirgi mai saukar ungulu. Na hannu ne, ɗan mitsitsi, kujera biyu. An ce a feshin gonakin ayaba ya tsufa, shi ya sa in ya gifta sauro ke zubowa.

Maƙwabcina Nicanor, wanda gonarsa ke gangaren filin ƙwallon da muke shanya a kai, ya ce, “Ranka ya daɗe, ina ruwan jirgi da kofi?”

Mai Girma ya yi murmushi irin na manya. “Ba ka ga fanka a kansa ba? Abin da rana ke yi a mako, zai yi kafin ka rufe baki daga hamma.”

Muka yi tafi. Ni na fi kowa zaƙewa, shi ya sa aka zaɓi kofina don gwaji. Matata Herminia ta tare ƙofa, ta ce, “Eusebio, abin da za mu ci har baɗi ke nan fa. Ka bari a fara da na wani.”

Na ce, “Ke dai ba ki san ci gaba ba.”

Na baje noman bana kaf a simintin filin ƙwallon. 'Yan badujala suka zo, fada, wato limamin cocinmu, ya yayyafa wa jirgi ruwan tsarki, aka tsiyayo masa mai daga motar asibiti. Mai Girma da matuƙi suka shiga, jirgin ya yi tari, ya yi atishawa, ya ɗaga.

Gaskiya ɗaya ce, fankar nan tana aiki. Hulunanmu ne suka fara tafiya, sai rigar fada ta rufe masa fuska, sai kajin maƙwabciyarmu Doña Fidelina. Daga nan kofina ya miƙe gaba ɗaya kamar garken tsuntsaye, ya yi gangare. Wayyo ni! Na bi shi da gudu ina tara riga, abin da na tsira da shi bai cika tafin hannu ba. Na tsaya ina hawaye, na ce ƙura ce.

Mai Girma ya sauko, ya shafa simintin da yatsa, ya ɗaga wa jama'a. “Kun gani? Ko ɗigon danshi babu!” Aka sake tafi. Shi da matuƙi suka koma ciki suka nufi bakin teku, wai iskar can ta fi yi wa inji kyau.

Da safen nan na iske Nicanor da 'ya'yansa suna tsince-tsince a gonarsu, buhu har ya kusa cika.

“Kai Nicanor, wannan ai nawa ne!”

“Haba maƙwabci, daga sama ya zubo, kowa ya gani. Ni dai yanzu ina bayan jirgin nan. Yaushe za a sake gwaji?”

Na dawo gida da yunwa. Herminia ba ta yi faɗa ba, Allah ya sani. Faranti ta wanke tas, ta ajiye a gabana babu komai a ciki, ta ce in ɗan yi haƙuri, ci gaban bai dahu ba tukuna.