Maganin Da Ke Jiran Almakashi

Jiya Talata na tuƙa keke tun daga ƙauyenmu na gefen Kiru har asibiti, na je neman maganin mahaifina, na dawo hannu biyu babu komai sai gumi. Magani dai na gan shi da idona, ta taga, har na yi masa sallama. Kada ku tambaye ni dalilin hawa keke da furfurata. Motocin haya suna layin mai a Kwanar Ɗangora tun ranar Juma'a, na ga wani direba ya shanya wanki a kan motarsa, maƙwabcinsa na layi yana yi masa aski.

Bari in warware muku zancen, 'yan uwana masu karatu. Mahaifina, wanda duk gari ke kira Baba, ya haura tamanin, kuma likita ya ɗora shi a kan magani iri biyar. Akwai 'yar ƙaramar fara ta hawan jini, wadda likita ya ce ko ranar Sallah ba ta da hutu. Akwai ta suga, akwai ta ciwon gwiwa, akwai kafso mai ja da baƙi na ciki, sai wata rawaya da ba mu san aikinta ba amma muna ganin girmanta. Matata Balaraba ce ke riƙe da wannan ma'aikata. Ba ta yi boko ba, amma ta jera gwangwanayen tumatir biyar a kan akwatin Baba, kowane magani da gidansa, duk wanda Baba ya haɗiya kuma ta ja layi da gawayi a bango. Shekara biyu tana yi ba ta taɓa ɓata layi ba.

Shekaranjiya da safe sai ta same ni a zaure, fuska a tsuke.

"Malam, gwangwanin fara babu komai. Bango kuwa ya ce saura kwana goma sha biyu."

Na shiga wurin Baba na durƙusa na gaishe shi, na ce ko kaji ne suka shiga ɗakin.

"Waɗanne kaji? Baƙi na ba."

"Baƙi, Baba?"

"To mutum ya taso ya zo duba ni, in sallame shi hannu sake? Haƙora sun zube, na daina ajiye goro. Kowa ya zo kuma da ciwon kai yake zuwa. Ita farar ce ba ta da ɗaci."

Haka kuwa aka yi. Duk lokacin da Balaraba ta shiga madafa, Baba yana nan yana karamci da maganin hawan jininsa, wannan biyu, wancan uku, liman ya samu huɗu saboda matsayinsa. Na so in yi faɗa, amma wa zai yi wa ubansa faɗa a kan kyauta? Kuma gaskiya tsoro ya fi fushin yawa. Wan Baba haka ya tafi, ya yi kwana huɗu bai sha magani ba, ɓarin jikinsa ya shanye, bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

A asibiti, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina son in sake komawa, malamin ɗakin magani ya karɓi katin Baba ya juya shi gaba da baya.

"A takarda mahaifinka yana da magani na kwana goma sha ɗaya."

"Ranka ya daɗe, a gwangwani babu."

"Mu ba mu aiki da gwangwani."

Da na ba shi labarin baƙi, sai ya cire tabarau ya yi mini wa'azi a kan haɗarin raba magani, ya ce wanda jininsa bai hau ba in ya sha zai iya faɗuwa a kasuwa. Gaskiya ya faɗa, na kuma karɓa. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya sassauta murya, ya ce in zo in leƙa ta tagar sito. Jama'a, kwalaye ne har rufi, sababbi fil, an ɗaure ƙofar da koren zare an yi masa fure.

"Ka ga maganinku nan. Wata biyu ke nan da zuwansa. Amma ba a ƙaddamar da shi ba."

Ashe magani ba ya aiki a jikin talaka sai Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya yanka zare an yi tafi. Sau uku ana sa rana. Ta farko aka ɗaga saboda kwamitin sayen almakashi bai gama zama ba. Ta biyu aka ɗaga saboda rumfar da aka kafa ta kalli rana. Ta ukun kuwa Mai Girma ne da kansa ya tafi ƙasar waje a duba masa hawan jini. Allah sarki, bawan Allah! Tsabar tunanin lafiyarmu ce ta tayar masa da jini. Ni kam na yaba, don ba kowane shugaba ne zai tafi har ƙetaren teku ya ɗanɗana mana magani kafin a ba mu ba.

Na ce da malamin ina da reza a aljihu, in ana so in rage wa Mai Girma aiki. Ya waiga hagu da dama, ya ce in yi wa Allah in hau kekena.

Za ku ce me ya hana ni zuwa kemis. Na taɓa zuwa. Ƙwayar da na sayo wancan karon, da gawayi ya ƙare, da ita Balaraba ta riƙa jan layi a bango, kuma ta fi gawayin fitowa.

Na iso gida bayan la'asar na tarar da takalma a ƙofar zaure kamar ana ɗaurin aure. Na ɗauka rasuwa aka yi, na jingine keke ban ma tsaya kulle shi ba. Ashe labari ne ya zaga cewa maganin Baba ya ƙare, kuma tun safe yake jin jiri, hannunsa na hagu ya yi nauyi. Tsofaffin gari ne suka zo mayar da alheri. Malam Rufa'i, abokin Baba tun na yarinta, ya ciro ƙwaya uku daga naɗin hularsa. Liman ya kwance bakin rawani. Wani ya zazzage gwangwanin taba. Na tambayi Malam Rufa'i me ya sa bai sha tasa ba.

"Haba Idi, maganin asibiti guda, kuma daga hannun babanka? Ajiyewa na yi saboda babbar rana."

Har Lado, Bafulatanin da ke kawo wa Baba nono in sun sauko daga wajen Doguwa, ya zo da tasa gudummawar. Ya ce ƙwayar da Baba ya ba shi ya ba surukarsa, amma ga madadi. Ya miƙo wata ƙwaya mai girman babban yatsana.

"Wannan, bijimi ma tana tayar da shi, balle Baba."

Muka yi masa godiya sosai, muka ɗora ta can saman katanga inda hannun Baba ba ya kaiwa.

Balaraba ta juye tarin a faifai ta zauna a hasken tsakar gida tana tsincewa kamar shinkafa. Wasu sun yi baƙi da dauɗar aljihu, wasu ba na Baba ba ne tun asali, akwai ma maɓallin riga guda ɗaya. Ita ta san tata, ƙarama ce mai tsaga a tsakiya da 'yar alama a baya. Duk wadda ta yi shakka a kanta ta jefa a masai. Da ta gama, tara suka rage. Ta ba Baba ɗaya nan take, ta tsaya a kansa har ya haɗiye ya buɗe baki ta gani, sannan ta ƙulle sauran takwas a bakin zanenta. Baba ya ce an mayar da shi marowaci a gidansa. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka yi rowar ka rayu."

Yau da safe jirin ya ragu, ya sha ta biyu, saura bakwai. Muna cikin karyawa sai ga masinja a kan babur, tankinsa cike da mai har yana ɗiga, ya kawo takarda mai hatimi. An sa sabuwar ranar ƙaddamarwa, nan da kwana goma sha shida. Kuma an zaɓi Baba cikin tsofaffi goma da za su zauna a sahun gaba a ɗauke su hoto suna karɓar magani daga hannun Mai Girma. Masinja ya ce kada a sa wa Baba babbar riga, an fi son a ga alamar jinya a jikinsa.

Na dubi bakin zanen Balaraba, na dubi takardar. Na ce da masinja in Baba ya kai ranar zan kawo shi ko a bayan keke ne. Ya ce in daure in yi ƙoƙari ya kai, don an riga an buga sunansa a tsarin taro, kuma gyara takarda aiki ne mai wahala.